Shekarar da Kaka Ta Fitar da Murhunta Waje

A hannun kakata na girma, mahaifiyar babana, a Madakiya. Babana malamin firamare ne da ake ta yawo da shi daga wannan ƙauye zuwa wancan, don haka tun da aka yaye ni aka ajiye ni wurin Kaka in riƙa ɗebe mata kewa. Sunana Rahila, amma ba ta taɓa kirana da shi ba, domin sunan mahaifiyarta aka sa mini. "Mamana" take cewa, ni kuwa na ɗauki sunan nan da gaske. A ganina gidan nan namu ne mu biyu, sauran mutane baƙi ne masu zuwa su tafi.

Kicin ɗinta zagayayyen ɗakin laka ne mai rufin ciyawa, da gajeriyar ƙofa guda, babu taga. Kunkunniya ta yi wa rufin baƙi ƙirin, har tana reto kamar gemun akuya, ga masarar iri da dawa a rataye saman murhu don kada ƙwari su ci. Da an gama cin tuwon acca, yaran maƙwabta sai su fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nemi wuri a ƙasa. Da damina itace ba ya bushewa, hayaki ya cika ɗakin, mu yi ta hawaye muna dariya, muna kwantar da kai ƙasa-ƙasa inda iska ta fi sauƙi. Kowa ya san wurina: jikin gwiwarta ta hagu, inda hannunta yake sauka a kan kitsona.

Kafin ta fara labari sai ta yi tari, dogon tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, ta tofar a gefen murhu, ta tura toka da ƙafa ta rufe. Mu a wurinmu wannan tarin kamar ƙararrawar coci ne. Da mun ji shi sai kowa ya yi tsit. Da yarenmu take ba da labaran nan, da waƙoƙinsu, da muryoyin dabbobi, kuma babu wanda ya kai ni iya amshi.

Da daminar 1987 ƙanen babana, Baba Yohanna, ya iso a kan babur da ɗansa Bulus a gaba. Baba Yohanna yana da injin niƙa a Kafanchan, kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma bango ɗaya ne tsakanin injin da ɗakin da iyalinsa suke kwana. Bulus sa'ana ne, amma na fi shi jiki nesa ba kusa ba. Siriri ne, kafaɗunsa a ɗage, idan yana numfashi sai ka ji wani ɗan fito a ƙirjinsa. Takalmin kambas ne a ƙafarsa, fari, abin da ban taɓa sawa ba.

"Mama, a asibiti sun ce fuka ce," in ji Baba Yohanna. "Sun ce hayakin inji da ƙurar gari suna tayar masa. Na kawo shi ya sha iskar ƙauye."

Kaka ta rungume yaron, ta shafa ƙasusuwan bayansa, ta ce, "Maigidana ya dawo gida." Ina tsaye da tulun ruwa a kai, babu wanda ya ce in sauke.

Da yamman nan aka taru a kicin kamar kullum. Na shigo na tarar da shi a jikin gwiwar hagu. Na tsaya a kansa, Kaka ta ce, "Mamana, matsa can, baƙo ne." Sannan ta fara labari, ta lura yaron yana raba ido, domin shi ɗan gari ne, ba ya jin yarenmu. Sai ta juya zuwa Hausa. Hausar Kaka ta kasuwa ce da ta coci, ba ta damu da wane ne "ya" wace ce "ta" ba, kura ma "ya tafi" ne a bakinta. Waƙoƙin suka ƙi shiga, amshin da na ƙware a kai ya zama ba shi da wurin zama. A zama ɗaya aka karɓe mini gwiwa, aka karɓe mini yare.

Ba a kai tsakiyar labarin ba Bulus ya fara kokawa da numfashi. Ya dafa ƙasa da hannu biyu, wuyansa ya miƙe, bakinsa a buɗe kamar kifin da aka jefa kan yashi. Kaka ta sure shi ta yi waje da shi cikin yayyafi, tana kiran sunan Yesu. Yara suka watse. Sai da ya daɗe a waje, bayan an ɗura masa maganinsa, fiton ya lafa.

Washegari ta goya shi zuwa ɗakin shan magani, ni kuma aka ɗora mini jakarsa. Malamar asibitin ta saurari ƙirjinsa, ta kama rigarsa ta sunsuna, ta dubi Kaka.

"Mama, a ina yaron nan ya zauna jiya?"

"A kicin, wurin wuta. Ana sanyi."

"To kin ciro shi daga hayakin inji, kin sa shi a hayakin itace."

Kaka ta ɓata rai. "Hayakin itace kuma? Mu a ciki aka haife mu. Hayakin abinci ne, ba na inji ba."

Matar ta yi mata bayani a hankali. Ta ce, kin san idan rana ta ratso ɓular rufi, kina ganin wasu abubuwa suna yawo a cikin hasken? To a cikin hayaki akwai waɗanda suka fi su ƙanƙanta, ido ba ya ganinsu, gashin hanci ba ya tare su. Suna wucewa har ƙarshen huhu su zauna, wasu ma su shiga jini. Ta ce ƙirji bai san wannan na inji ba ne, wancan na tuwo. Tana cikin magana tarin Kaka ya taso. Matar ta dakata har ta gama, sannan ta ci gaba da zancen Bulus.

Kaka ta sake goya shi, muka kamo hanyar gida. Muna isa gida ta sauke shi, ta shiga kicin, na ji tana nishi. Na leƙa na ga tana girgiza duwatsun murhu. Duwatsun nan uku kakana ne ya kafa mata su tun tana amarya, kafin ya tafi aikin reluwe, inda ya yi shekaru yana zuba wa jirgi kwal a wuta. Ko shara ake yi ba a taɓa su. Ranar ta mirgino su waje da hannunta, ta sa samari suka kafa mata rumfa marar bango a tsakar gida, ta gefen da iska take kwashe hayaki ta yi bayan gida da shi.

Ban san sau nawa na ce mata, "Kaka, idona yana zafi" ba. Amsarta kullum ɗaya ce: "Runtse, zai wuce." Ga shi yaro ya kwana ɗaya tak, an tumɓuke murhu.

Daga nan komai ya zama na Bulus. Baba Yohanna ya kawo risho mai launin kore da galan na kananzir daga wurin wata 'yar Ibo a kwatas ɗin reluwe, aka ce na dafa wa Bulus kunu ne da safe, kada ya jira wutar itace. Idan kaza ta yi ƙwai, na Bulus ne. Yana da wani jan maganin ruwa mai ƙamshin alewa, Kaka tana ba shi a cokali tana lallashi, shi kuma yana yamutsa fuska, ni ina gefe ina haɗiyar yawu. Ni aka ɗora wa neman busasshen itace, domin ɗanye ya fi hayaki, kuma da damina sai ka yi nisa kafin ka samu. Ina dawowa da ƙaya a ƙafa in tarar da shi a kan tabarma yana wasa da murfin kwalba. Abin haushin, yaron ba shi da mugunta. Yana rage mini rabin ƙwai a ɓoye, in karɓa in cinye, in ƙara jin haushinsa.

Wata Lahadi a Sande Sukul malaminmu ya ce duk abin da muka roƙa da bangaskiya za a ba mu. Na rufe ido na roƙi Ubangiji ya ba ni fuka. Ba babba ba, na ce, 'yar ƙarama, daidai wadda za a ba ni jan magani. Da na ga amsa ta yi jinkiri sai na yanke shawarar taimaka wa addu'ar. Da yamma idan an zauna a rumfa, Kaka da Bulus da sauran yara suna gefen da iska take fitowa, ni sai in zagaya in zauna ni kaɗai ta inda hayaki yake bi. Ina shaƙa, idona yana zuba, ina tari da ƙarfi ina satar kallonta.

Ta bar ni na yi kwanaki a haka. Rannan, bayan ta gama nata tarin, ta ce, "Ku gyara zama, labari ya shigo gida."

Muka ce, "A ba shi kujera."

Ta ce a da can, Shirwa 'yar Kaza ce, ita ce ma 'yar fari. Kuma duk cikin tsuntsaye babu mai zaƙin muryarta. Idan ta rera waƙa da asuba, masu zuwa gona sai su ajiye fartanya su saurara. Tana kwana ƙarƙashin fiffiken uwarta ita kaɗai. Ana nan sai Kaza ta ƙyanƙyashe wani ɗan tsako marar lafiya, ƙafafunsa kamar tsinke, ko iska ta kaɗa sai ya faɗi. Kaza ta sa shi ƙarƙashin fiffike, ta ce wa Shirwa ta ɗan matsa, ai ita ta yi ƙarfi.

Shirwa ta yi fushi ta tashi sama. Daga can ta hango mafarauta sun sa wa daji wuta. Ta sauko kusa, sai Wuta ta ce mata, "'Yar Kaza, me ya sa idonki ya yi ja?" Ta faɗa mata. Wuta ta ce, "Zo wurina. Ni ba ni da ɗa, ke kaɗai ce. Duk inda kika ga hayaƙina ya tashi, ki biyo, zan koro miki fara da ɓeraye ki ci ki ƙoshi." Kuma Wuta ba ta yi ƙarya ba. Shirwa ta yi ta bin hayaki daga wannan daji zuwa wancan, tana ci, tana ƙiba, ga ɗumi. Abin da ba ta sani ba, duk farar da ta haɗiya, hayaki yana bin bayanta yana gutsurar muryarta kaɗan-kaɗan.

Da damina ta sauka, daji ya jiƙe, Wuta ta mutu. Shirwa ta ji sanyi, ta tuna gida. Ta zo saman gidansu ta buɗe baki za ta rera waƙar da uwarta ta sani. A nan Kaka ta ɗaga kai sama, ta matse maƙogwaro, ta yi wani siririn kuka: "Fiii-rrr!" Ta ce, "Shi ke nan abin da ya rage masa. Kaza ya ji, ya ce wannan ba muryar ɗana ba ne, ya tattara yara ya rufe." Ta ce shi ya sa har gobe idan an ƙona daji za ku ga Shirwa a cikin hayaki, kuma shi ya sa take zagaya gidaje tana kuka. Idan ta ga ɗan tsako ya leƙo daga fiffike sai ta sure shi, ba don yunwa kaɗai ba, don tana ganin wurinta ne ya kwanta. "Labari ya ɗauki sandarsa, ya wuce gidan gaba."

Bulus ya tambaya a hankali, "Kaka, daga baya Kaza ta gane ta?"

"Har yau bai gane ba, Maigida."

Ni kuwa na san da wa ake. Na miƙe tsaye a cikin hayakin, na ce, "Laifin Kaza ne! Ai fiffike biyu gare ta!"

Kaka ta dube ni na ɗan lokaci. Sai ta fashe da dariya, dariyar ta koma tari, ta daɗe tana yi. Da ta samu numfashi ta ce, "Mamana ya iya shari'a." Ta bubbuga gwiwarta ta dama. Ban je ba. Na juya na shige ɗaki na kwanta da fushina. Sai washegari na zo na zauna a wurin, ban dubi kowa ba, kuma a raina ina cewa ta hagu ta fi taushi.

Bulus ya yi kamar shekara biyu tare da mu. Ya yi ƙiba, fiton ya ragu, har ya fara bin mu rafi. Da babansa ya kama haya nesa da injin, aka zo aka ɗauke shi. Bai yi wata guda da tafiya ba Kaka ta sa aka mayar mata da duwatsun cikin kicin. Ta ce rumfa tana jiƙa ta, kuma iska tana cinye mata itace. Rishon ma ba a daɗe ba aka kife shi a kan rumbu, domin kananzir ya yi wuya, sai a yi layi a gari a dawo da galan fayau. Babu wanda ya ce mata kada ta koma. Ni ma ban ce ba, murna ma na yi.

Da na shiga sakandare sai na koma Kafanchan, gidan Baba Yohanna. Jiragen kwal da kakana ya yi wa aiki sun daɗe da daina tafiya, Kaka takan ce har ya rasu yawunsa baƙi ne. Amma garin ya samu nasa sababbin hayaƙan. 'Yan acaɓa sun cika titi, baburansu suna fesa shuɗin hayaki a fuskar duk wanda yake baya. Idan an ɗauke wuta sai janareta su tashi a ƙofar shaguna. A bayan kasuwa ana babbakar awaki da tsofaffin tayoyi, a bola ana ƙona leda. Matan gari da suka yi bankwana da itace suka dawo suna cusa dusar katako a gwangwani suna girki. Bulus ya koyi hanyoyin da zai bi ya kauce wa tasha, yana yawo da hankici a aljihu.

Ina aji na ƙarshe aka kawo Kaka asibiti. Ta kai ba ta iya tafiya daga ɗaki zuwa rumbu sai ta tsaya ta huta, ƙafafunta sun kumbura. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinta ya duba, ya tambaye ta shekara nawa ta yi tana shan taba. Kaka, wadda ta tsufa a zumuntar mata ta coci, ta ce a gaya wa yaron nan ya kiyayi bakinsa. Ya ba ta haƙuri, ya ce huhunta ne ya yi kama da na wanda ya daɗe yana sha. Ya tambaya da me take girki, a wane irin ɗaki. Da aka gaya masa sai ya gyaɗa kai kawai. Ya ce magani zai rage mata wahala, amma abin da ya lalace ba ya dawowa.

Aka kwantar da ita a ɗakina. Maƙwabcinmu mai gidan kallon bidiyo yana ajiye janaretansa daidai ƙarƙashin tagar. Bulus, wanda a lokacin ya fi ni tsawo, har yana buga wa ajinsu ƙwallo, ya je ya roƙi mutumin, ya taya shi jan igiyar wuta, suka mayar da injin can ƙarshen fili. Kaka ta yi ta sa masa albarka. Ni da nake wanke mata zani, nake juya ta, nake riƙe mata kwano, na ji tsohon abin nan ya motsa a ƙirjina kamar jiya aka yi.

Ta gani a fuskata. Da Bulus ya fita ta kamo hannuna. Muryarta ta zama siririya, sai na sunkuya nake ji. Da yarenmu ta yi maganar.

"Har yanzu, Mamana?"

Na ce, "Har yanzu me?"

"Kina tsammani ke kaɗai ce kika yi kishin yaron nan? Ni ma na yi."

Na ɗauka wasa take. Ta huta, ta ci gaba.

"Ya yi tari, aka ɗauko shi a babur. Aka sa masa roba a ƙirji ana saurare. Aka tambaye shi tun yaushe. Ni tun kafin a haifi babanki nake wannan tarin. Kakanki ya ji, 'ya'yana sun ji, fasto ya ji. A gaban malamar asibiti na yi shi, ta jira na gama. Ban ji haushin yaron ba, Allah ya sani. Amma ranar da na goyo shi muna dawowa, na ce a raina, da ma ni ce a bayan wani."

Na gyara mata filo, na zauna riƙe da hannunta har barci ya ɗauke ta. Ba ta ga girbin shekarar ba.

Na yi shekaru ina ɗauka labarin Shirwa nawa ne, an ƙirƙiro shi don a janyo wata 'yar fushi daga cikin hayaki, kuma ya yi aikinsa. Sai da na zama uwa, na tsaya a gaban nawa murhun, na fara jin wani abu dabam a cikinsa. Wadda ta bi wuta saboda abinci shekara da shekaru, wutar ta ciyar da ita, ta ɗumama ta, ta kuma cinye mata murya a hankali, ba yarinyar da ta yi kwanaki tana tarin ƙarya ba ce. Ban sani ba ko Kaka ta san da haka lokacin da take ba mu labarin. Ta yarda hayaki yana cutar da Bulus har ta tumɓuke duwatsun aurenta, amma ba ta ga kanta a cikin waɗanda suka cancanci a tumɓuke wa dutse ba. Mu ma da muke cin tuwon ba mu gan ta a ciki ba.

Ni da Bulus muna nan, muna zumunci, 'ya'yansa suna kirana Mama. Idan zancen Kaka ya taso yakan ce ita ta ceci ransa, kuma gaskiya ne. Nakan yi murmushi, wani ɗan abu yana tsunkulina, domin shi yana da abin da zai nuna, ni kuwa maganar nan kawai ta bar mini. Ban taɓa gaya masa ba. Wannan ɗaya dai tawa ce.

Abin da na iya yi da ita kaɗan ne. Akwai wata tsohuwa mai suyar ƙosai a bakin layinmu, kullum tana sunkuye a kan wuta, babura suna wucewa ta gabanta. Kwanan baya ina jiran ta zuba mini, tari ya kama ta, masu saye suka tsaya suna jira ta gama. Da ta ɗago na ce, "Mama, tun yaushe kike wannan tarin?"

Ta tsaya da matsami a hannu tana kallona. Sannan ta jawo ɗan benci da ƙafa, ta ce in zauna.